Kwakwar Attagara da Turken Suna

Saƙonni uku ne a gabana wannan mako, duka ukun kuwa a kan sunan itace suke. Zan fi daɗewa a kan na farko, domin amsarsa ce ke buɗe sauran.

Wata ɗaliba mai karatun ilimin tsirrai a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta rubuto cewa an ba su aikin gida a kan kwakwa. Kakarta da ke Kanwuri ba ta cewa kwakwa kawai, sai kwakwar Attagara, ita kuwa ba ta san ko mece ce Attagara ba. Sannan a littafinsu ta ci karo da abin da ake kira type specimen, shi ne take tambaya ko za ta iya fassara shi da zakaran gwajin dafi.

'Yata, kakarki ta fi mu riƙon kalmar. Attagara shi ne sunan da Hausawan dauri ke kiran garin Idah, mazaunin Attah na Igala, a gefen kogin Kwara cikin Jihar Kogi ta yau. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kawo sunan a Infaƙul Maisuri, inda ya ce a can Amina ta Zazzau ta rasu. Ita kuwa kwakwa, da can sunan mai ba da manja ne. Da fatake suka riƙa hawowa da wata babba, mai ruwa a ciki da farin nama, sai aka bambanta ta da sunan garin da aka samo ta. Yau baƙuwar ta ƙwace sunan. Je ki Tsohuwar Kasuwa ki ce a ba ki kwakwa, ba wanda zai miƙo miki ta manja. Ta manjan ce ma yanzu sai an yi mata ƙarin bayani.

Sai dai Idah ba mahaifar kwakwa ba ce, zango ce kawai. Kwakwa 'yar bakin teku ce, mai son rairayi da iska mai laima, kuma ba ta ƙin ruwan gishiri. Ɓawonta mai zare kan ɗauke ta a kan teku wata da watanni, ta faɗa wata gaɓa ta tsiro. Asalinta tsakanin tekun Indiya da na Fasifik ne, Turawan Fotugal suka kawo ta gaɓar Afirka ta Yamma a ƙarni na 16, har ta zama abin da aka san Badagiri da shi a Legas. Bahaushe ya saba da irin wannan naɗin suna. Masara da gwandar Masar duk daga nahiyar Amurka suka fito, ba daga Masar ba. Zogale, da wasu ke ce wa bagaruwar Makka, ba bagaruwa ba ne, kuma daga Indiya yake. Sunan gari a jikin tsiro yana nuna inda mai naɗin sunan ya haɗu da shi ne, ko inda ya zaci ya fito.

Masana ma ba su tsira daga wannan ba. Tsamiya da ke tsaye a dajinmu tun kaka da kakanni sunanta a wurinsu Tamarindus indica. Kalmar farko daga Larabci aka ɗauko ta, tamar hindi, wato dabinon Indiya, ta biyu kuma ta sake cewa Indiya, alhali yawancin masana sun tafi a kan 'yar Afirka ce. Aduwa an jingina ta ga Masar, goriba ga tsohon birnin Tibis na bakin kogin Nilu. Na kawo wannan ne don kada ki shiga aji da tunanin cewa sunan Latin gaskiya ne tsantsa, namu kuma kame-kame. Tsarin suna mai kalma biyu, na jinsi a gaba na nau'i a baya, wanda Carl Linnaeus mutumin Suwidin ya tsayar a littafinsa Species Plantarum a 1753, bai yi nisa da gwandar daji da gwandar Masar ba. A nan ne ya sa wa kwakwarki Cocos nucifera. Coco a bakin matuƙan jirgin Fotugal kai ne ko fuska, saboda ramukan nan uku da ke gindin ƙwaryarta, nucifera kuma mai ɗauke da ƙwallo.

To, abin da suka fi mu da shi guda ɗaya ne, kuma shi ne tambayarki ta biyu.

Zakaran gwajin dafi ba zai yi ba. Asalin maganar daga mahalba da mayaƙa take: in an dafa dafin kibiya, wanda akan haɗa da 'ya'yan kwankwani, sai a gwada shi a jikin zakara a ga ko ya yi kaifi. Zakaran nan abin gwaji ne, shi ake fara sa wa a gaba. Daga baya maganar ta juya ta zama yabo, har ake faɗa wa wanda ya yi zarra cikin tsaransa. Ko ta wace fuska kika ɗauke ta, ba ta dace da abin da ke littafinki ba, domin shi ba a gwada kome a kansa, kuma ba a zaɓe shi don ya fi 'yan'uwansa kyau ba. Samfur ma bai isa ba, don samfur wakilin kaya ne, in ya ɓace a ɗauko wani. Wannan kuwa guda ne tak.

Ga yadda abin yake. Mai tattara tsirrai yakan yanko reshe mai ganye da fure, in da hali har da 'ya'ya, ya shimfiɗa shi tsakanin tsofaffin jaridu, ya danne da katako, ya riƙa sauya takardun har ya bushe. Sai a manna shi a kan takarda mai kauri, a rubuta sunan wanda ya tsinko, da lambar da ya ba shi, da rana, da wuri. A adana a taskar busassun tsirrai. Idan masani ya duba ya ga wannan nau'i ba a taɓa sa masa suna ba, zai rubuta siffarsa, ya naɗa masa suna, sannan ya nuna takarda guda ya ce a jikin wannan na ɗaure sunan. Daga ranar, duk gardamar da ta taso a kan wa ke da sunan, wurin takardar nan ake komawa. Tana iya zama ƙanjamammen reshe da ƙwari suka ci gefensa. Ba ruwan doka da kyansa.

Ni turken suna nake kiransa, kuma shawarar da zan ba ki ke nan. Turke ba shi ne akuya ba, bai ma yi kama da ita ba, amma duk kewayen da za ta yi, tsawon igiyar da ke jikinsa ne. Masana waƙar baka sun riga sun ari kalmar don abin da waƙa ta ginu a kai, saboda haka kunnen ɗalibi ba zai ƙi ta ba. Amfaninsa yana fitowa ne ranar da aka gano cewa abin da ake yi wa kallon nau'i ɗaya ashe biyu ne. Wanne zai tafi da tsohon suna? Ɓangaren da turken ya faɗo a cikinsa. Ɗayan sai a nema masa sabo. Wanda mai naɗin suna ya nuna da kansa ki kira shi turken asali. Wanda wani ya zo daga baya ya zaɓa cikin kayan da mai naɗin ya yi aiki da su, zaɓaɓɓen turke. In kayan duka sun salwanta aka kafa wani, turken maye.

Kwakwa tana cikin kashi na biyu, kuma labarinta ya cancanci ki sa shi a aikinki. Linnaeus bai nuna turke ga sunayensa ba, domin a zamaninsa dokar ba ta zo ba. Sai daga 1 ga Janairu 1958 ya zama wajibi, duk sabon sunan da ba a nuna turkensa ba bai karɓu ba. Ga shi kuma kwakwa ba ta shiga tsakanin jaridu: ganyenta guda ya kai mita huɗu zuwa shida, ƙwallonta ya kai kan mutum. Shi kansa Linnaeus da littattafan magabata ya dogara. Saboda haka a 1979 masana biyu na dangin dabino, Harold Moore da John Dransfield, suka zaɓi zane a matsayin turke. Zanen yana farkon littafin Hortus Malabaricus, wanda aka fara bugawa a Amsterdam a 1678, kan tsirran gaɓar Malabar ta kudancin Indiya. Gwamnan Holan na yankin, Hendrik van Rheede, shi ya sa aka yi aikin, amma ilimin na masu maganin ƙasar ne, cikinsu har da wani mai suna Itty Achudan. Sunan da ke kan zanen shi ne Tenga, kamar yadda mutanen wurin ke faɗa, kuma an rubuta sunayen tsirran littafin da rubutu iri huɗu, ɗaya daga ciki da baƙaƙen Larabci, kamar ajaminmu. Duk lokacin da na tuna wannan sai raina ya yi fari. Sunan da duniya ke kiran kwakwa da shi yana ɗaure ne a jikin takardar da ke ɗauke da sunanta na bakin mutanen gari.

Turke yana iya ƙonewa. Daren 1 ga Maris 1943, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, bam ya faɗa wa taskar Berlin, wuta ta cinye mafi yawan abin da ke ciki, har da turakun tsirran Afirka masu ɗimbin yawa. Har yau masana na fama da kafa na maye. Shi ya sa ake yanko reshe fiye da ɗaya daga itace guda, a rarraba wa taskoki daban-daban. Ta Kew da ke Landan tana da takardu sama da miliyan bakwai. A gida, mafi girma ita ce ta Cibiyar Binciken Gandun Daji da ke Ibadan.

Saƙo na biyu daga wani dattijo ne, ɗan gidan majema a cikin gari. Jikansa ya nuna masa a waya cewa an sauya wa bagaruwa sunan Turawa. Ya ce shi dai ya san suna linzami ne, to wa ya taɓa ganin an sauya wa doki linzami yana cikin sukuwa, kuma da izinin wa?

Baba, Allah ya ƙara girma. Karin maganar da ka kawo tana nufin suna ke juyo da mai shi, kamar yadda linzami ke juyo da doki. In aka kira sunanka cikin kasuwa, ko ba ka so sai ka waiga. Jikanka bai yi ƙarya ba, kuma fushinka yana kan hanya, domin masana da yawa na Afirka sun yi irinsa.

Sunan jinsi ma yana da turkensa, wato nau'i guda da aka ɗaure shi a kai. Turken Acacia, sunan da aka kafa a 1754, bagaruwa ce da kanta, wadda kuke jiƙa 'ya'yanta ku jeme fatar jar akuyar Sakkwato da ta kai har kasuwannin Turai. Tun zamanin Girkawa ita ake kira akakiya. Da bincike ya nuna cewa abin da aka tara ƙarƙashin Acacia ba jinsi ɗaya ba ne, ya kamata bisa doka sunan ya zauna wurin bagaruwa da 'yan'uwanta. Sai masanan Ostireliya suka ce su ke da nau'i kusan 1,000, sauya musu suna zai fi wahala. A taron masana tsirrai na duniya da aka yi a Biyana a 2005 aka cire turken daga bagaruwa aka kafa shi a jikin wani itacen Ostireliya, Acacia penninervis. An yi ta jayayya a kan yadda aka ƙirga ƙuri'ar, amma taron Melbon na 2011 ya tabbatar da hukuncin. Bagaruwa ta koma Vachellia nilotica, da sunan wani limamin coci Bature, George Vachell, wanda a ƙasar Sin ya tattara tsirransa. Daƙwara mai ba da ƙaro ta koma Senegalia senegal. Gawo kuwa da ma an riga an ware masa nasa, Faidherbia albida.

A ganina an yi wa Afirka rashin adalci, domin darajar turke ita ce ba ya motsi, kuma wanda ya riga shi ke da wuri. Amma abin da ya sa aka iya yin haka shi ne ƙuri'a a zauren tana bin taskoki da masanan da suka halarta, namu kuwa kaɗan ne. Wannan ɓangaren laifin ba na Ostireliya ba ne.

Wani lokaci kuma sauyin gyara ne na gaskiya. Ɗorawa, Baba, wadda Rijiyar Ɗorawa ke ɗauke da sunanta, an fara rubuta ta a littafin masana ne a 1763 daga tsibirin Matinik na yankin Karibiyan, inda cinikin bayi ya kai irinta. A 1826 aka sa wa jinsinta Parkia don tunawa da Mungo Park da ya mutu a Busa. A 1955 wani masani ya ga kamar ta ƙasarmu daban take, ya naɗa mata Parkia clappertoniana, da sunan Clapperton, baƙon Sarkin Musulmi Bello, wanda ya rasu a nan kusa da Sakkwato a Afrilun 1827. Da aka sake jera takardun aka duba da kyau, sai aka ga itace ɗaya ne, tsohon suna Parkia biglobosa ya koma wurinsa. Duk wannan kai da kawowa, mai daddawa ba ta taɓa rikita kalwarta da ta wani itace ba.

Sai dai kada mu ruɗi kanmu, sunayenmu ba su da turke sai bakin masu faɗarsu. Marke, kaɗe, taramniya, duk sunayen itatuwa ne, ga su a ƙofofin birninmu, amma yara nawa ne a Mabera ko Arkilla za su iya nuna taramniya a daji? Ita taramniyar ma nau'i fiye da ɗaya ake kira da ita. Ranar da tsohon da ya san ta ya kwanta dama, kalmar za ta saura a ƙamus ba itace a bayanta. Wani likita ɗan Sikotlan, John Dalziel, da ya yi aiki a Arewa har da nan Sakkwato, ya riƙa tsinko tsiro yana rubuta sunansa na Hausa yana aikawa Kew, ya fitar da ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916. Don girmama shi aka kira hano, ko ararraɓi, Boswellia dalzielii. Fiye da shekara ɗari ke nan, har yanzu aikinsa ne madogararmu. Abin da nake roƙo ga 'yata ta jami'a da abokan karatunta shi ne duk reshen da suka manna, su rubuta sunansa na Hausa yadda aka faɗa musu, da ƙauyen da aka faɗa, da ƙugiyar kowane harafi. Su zo wurin irinku, Baba, ku da masu magani da makiyaya, tun kuna nan.

Na uku wani saurayi ne da ya yi bautar ƙasa a Bayelsa. Ya ga itatuwan da ke tsaye cikin ruwan gishiri, waɗanda Turawa ke ce wa mangrove, ya kuma ji wani ya fassara kalmar da mangwaro. Yana neman sunansu na Hausa.

Ɗana, kama da wane ba ta wane. Kama a nan suna ce, ta mace, shi ya sa aka ce ba ta, wato ba ta mai da mutum ya zama wanen. Wasu kan sauƙaƙa su ce kama da wane ba wane ba ne, ma'ana ɗaya ce. Kalmomin nan biyu a kunne kawai suka yi kama. Ko a ido ma kama kan yaudari masana: tafasarmu ta daɗe ana rubuta ta Cassia tora, alhali wata 'yar'uwarta ce, Senna obtusifolia, bambancinsu har da yawan ɗan ƙullutun da ke tsakanin ganye.

Abin da ka gani ba itace ɗaya ba ne. Wanda ya fi yawa a Neja Delta, mai saiwoyi da ke fitowa daga jikin kututture su lanƙwasa su nutse cikin laka, shi ne Rhizophora racemosa. Irinsa a kan uwa yake tsirowa kafin ya faɗo ya kafe. An naɗa masa suna a 1818 daga reshen da aka samo a Guyana, can ƙetaren tekun Atlantika, ga shi kuwa Najeriya ce ta fi kowace ƙasar Afirka faɗin dajinsa. Ɗayan, mai ƙananan saiwoyi da ke tsinkowa sama daga laka don shan iska, mai fitar da gishiri ta ganye, shi ne Avicennia germinans. Jinsin nan da sunan Ibn Sina aka kira shi, babban likitan nan da almajiran ɗibbu suka sani. Yana da ɗan'uwa a gaɓar Bahar Maliya, wanda Larabawa ke ce wa shura ko ƙurm, raƙuma na cin ganyensa. Wani almajirin Linnaeus, Peter Forsskål, ya tsinko shi, ya ɗauki sunan daga bakin Larabawan ya rubuta Sceura marina. Zazzaɓi ya kashe shi a Yaman a 1763, abokin tafiyarsa ya buga aikin a 1775, busassun tsirransa suna Kofanhegan har gobe. Da aka mayar da itacen cikin Avicennia a 1907, kalmar marina ta bi shi.

Hausa ba ta gaji suna ga waɗannan ba, don ƙasarmu ba ta taɓa teku ba, kuma wannan ba aibi ba ne. Shura ba za ta zauna mana ba, tana da ma'anoninta a bakinmu. In rubutu ya kama ka, ka ce itacen fadamar teku, dajinsa kuma kurmin fadamar teku, kowa zai gane. Amma akwai Hausawa da suka shekara da shekaru a Fatakwal da Warri da Kalaba, suna sayen itacen nan da kifin da aka ƙyafe da shi. In suna da abin da suke kiransa a tsakaninsu, su aiko mini da shi tare da sunan garin da ake faɗarsa, domin nasu zai riga nawa shiga wannan fili.